Addu'ar neman sauƙi in ciwo ya kama ka kana azumi

Da farko ka samu inuwa ka zauna, ranar Tahoua ba ta wasa da mai azumi. Ɗora hannunka inda ke maka ciwo, ka ce Bismillahi sau 3, sannan sau 7 ka ce "A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru", haka Annabi (SAW) ya koyar.

Bayan nan karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ka tofa a tafin hannu ka shafe jikinka.

Amma don Allah ɗan'uwa in jiri ya yi yawa ko masassara ta tsananta kar ka matsa ma kanka, sha ruwa ka tafi likita, Suratul Baƙara aya ta 185 ta ba maras lafiya damar ramawa bayan salla.