Yadda ake zana ƙofa mai baka da ginshiƙi a SketchUp, manhajar zanen gini a kwamfuta

Idan bangon da za ka huda wa ƙofa yana cikin rukuni (group, wato sassan zane da aka haɗe wuri guda), danna shi sau biyu ka shiga ciki tukuna. Duk layin da aka ja daga waje ba ya yanka bango, kuma nan ne yawancin masu koyo ke maƙalewa.

Danna R ka zana murabba'i a jikin bangon, faɗi mita 1.2, tsayi mita 2.1. Danna A don zana baka, ka taɓa kusurwoyin sama biyu, ka ja sama, ka rubuta 0.6m. Rabin faɗin ke nan, shi ke ba da cikakken rabin da'ira. Bakan yana zuwa da gaɓoɓi 12, waɗanda ke fitowa da kusurwa-kusurwa a babbar ƙofa. Rubuta 24s nan take don gaɓoɓin su zama 24, domin da zarar ka ba shi kauri ba ya gyaruwa. Goge layin da ke tsakanin bakan da murabba'in, danna P, ka tura fuskar har ta kai bayan bangon. In ramin ya ƙi hudewa, fuskokin bangon biyu ba su daidaita da juna ba, ko kuma wani layi ya ratsa ta baya.

Ginshiƙi mara ado da'ira ce kawai da aka ja sama. Mai ado kuwa, zana rabin siffarsa a tsaye daga tsakiyar da'irar, zaɓi da'irar, ɗauki Follow Me (kayan aikin da ke zagaya siffa bisa layin da aka zaɓa), ka taɓa siffar. Zaɓi ginshiƙin gaba ɗaya, danna G ka mai da shi kwamfonen (component, wato abu guda da kwafinsa ke haɗe da juna) kafin kwafi, don gyara ɗaya ya shafi sauran. Danna M sannan Ctrl don yin kwafi, matsar da shi mita 3, ka rubuta 4x don samun kwafi huɗu.