Darasi na Shida: Bushewar Ciki ga Tsofaffi da Lokacin Sanar da Likita

A gidan kula da tsofaffi, bushewar ciki matsala ce da ke shigowa a hankali, domin dattijo yakan ji nauyin faɗa wa wanda ya haifa cewa ya kwana biyu bai zaga ba, wani kuma mantuwa ce ke hana shi. Saboda haka wajibi ne mai kula ya tambaya cikin ladabi, ya ce, "Baba, an samu zagawa yau?" sannan ya rubuta amsar kullum a takardar kulawa.

Likitoci suna kiran abin bushewar ciki idan mutum yana yin bayan gida ƙasa da sau 3 a mako, ko kuma yana fitar da shi da tauri sai ya yi yunƙuri. Ƙarancin shan ruwa da yawan kwanciya suna kawo shi, haka ma magungunan kashe zafi irin su codeine da tramadol, da kuma ƙwayar ƙarin jini. A riƙa ba su ruwa kofi 6 zuwa 8 a rana, in dai likita bai taƙaita ba saboda ciwon zuciya ko ƙoda, a haɗa da ganye da 'ya'yan itatuwa. Bayan karin kumallo hanji ya fi motsi, don haka a zaunar da dattijo a kan masai a lokacin, a sa masa 'yar ƙaramar kujera ƙarƙashin ƙafafunsa, a rufe ƙofa, kada a tsaya a kansa ana hanzarta shi.

Akwai abin da ke ruɗin masu kula da yawa. Wanda ya kwana biyar bai zaga ba sai a ga ruwa-ruwa ya ɓata masa wando, a ɗauka gudawa ce. Sau da yawa bahaya ne ya daskare ya toshe hanya, ruwa yana tsiyayowa ta gefensa, kuma maganin tsayar da gudawa zai ƙara dagula lamarin.

Idan aka cika kwana 3 babu bayan gida, a sanar da ma'aikaciyar jinya da likita. Amma idan an ga amai, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko iska ta daina fita, ko jini ko baƙin bahaya, ko dattijon ya rikice farat ɗaya, ba a jiran wayewar gari. A kira likita nan take, a gaya masa ranar zagawa ta ƙarshe da magungunan da ake sha, kuma kada a ba da maganin wankin ciki sai da umarninsa.