Yadda Bakanike Zai Zaɓi Kayan Aiki Masu Inganci da Sauƙin Kuɗi

Bakaniken da ke shirin buɗe garejinsa ya kamata ya fara da duba irin motocin da suka fi zuwa hannunsa kafin ya kashe kuɗi a kan kayan aiki. Motocin Japan irin su Toyota da Honda sun fi amfani da noti mai lamba (wato faɗin kansa a milimita) 10, 12, 14, 17 da 19, yayin da lamba 13 ta fi yawa a motocin Turai kamar Peugeot da Volkswagen. Saboda haka gara ya sayi sifanu kaɗan masu ƙwari a kan waɗannan lambobi da ya ɗauki babban akwati mai araha wanda rabinsa ba zai taɓa amfani da shi ba.

A kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a nemi tambarin Cr-V (alamar ƙarfe mai ƙwari da aka haɗa da sinadaran chrome da vanadium) a jikin sifanar, amma kada a dogara da shi kaɗai, domin na jabu ma suna ɗauke da shi. Abin da ya fi tabbas shi ne mutum ya je da sabon noti a aljihu, ya ɗora bakin sifanar a kansa. Idan tana girgiɗi, za ta cinye kan notin mutane tun a aikin farko. Soket (kan sifana mai kamar ƙoƙo da ake kifawa a kan noti) mai kusurwa 6 ya fi mai 12 riƙe notin da ya yi tsatsa. Ni dai na fi amincewa da kayan Turai na hannu, wato waɗanda aka taɓa amfani da su, muddin bakinsu bai buɗe ba kuma babu alamar walda a jikinsu.