Yadda ake nazarin kai bisa hanyar Karen Horney

Karen Horney likita ce 'yar Jamus. An haife ta a 1885 a Blankenese, kusa da Hambug, mahaifinta kyaftin ɗin jirgin ruwa ne. Ta shiga karatun likita a Freiburg a 1906, a zamanin da jami'o'in Jamus ba su daɗe da buɗe wa mata ƙofa ba. A Balin ta zauna gaban Karl Abraham, almajirin Sigmund Freud, ya yi mata nazarin zuciya, wato hanyar da Freud ya ƙirƙiro ta binciko ɓoyayyun abubuwan da ke cikin ran mutum ta hanyar magana, daga baya kuma ta koyar a cibiyar nazarin da aka buɗe a birnin a 1920. Ta koma Shikago a 1932, sannan Niyok a 1934. Inda ta raba gari da Freud shi ne ta ce tarbiyya, al'ada da zaman mutum da mutane sun fi sha'awar jiki ƙarfi wajen gina hali. Saɓanin ya kai ga ta bar ƙungiyar masu nazari ta Niyok a 1941, ta kafa tata. Shekara ɗaya bayan haka ta fitar da littafinta Self-Analysis, wato nazarin kai, inda ta nuna cewa mutum na iya yin wani kaso na wannan aikin da kansa, ba sai kullum gaban likita ba. Ga yadda ake yinsa.

Kayan aikin ba su da yawa: littafin rubutu mai kauri, biro biyu, baƙi da ja, da wurin ajiya mai makulli. Makullin nan ba ƙaramin abu ba ne. Muddin kana tsoron wani zai buɗe littafin, za ka riƙa gyara magana tun kafin ta sauka a takarda, kuma aikin ya lalace ke nan tun daga tushe. Minti 20 zuwa 30 sun isa zama ɗaya, sau biyu ko uku a mako. Wannan ma'auni ne na sauƙaƙa wa mai farawa, ba doka ba ce daga Horney.

Kada ka fara da tambayar “wane ne ni?” Ta yi faɗi, ba za ta kai ka ko'ina ba. Ɗauki abu ƙarami da ya faru cikin kwana biyun nan wanda ya taɓa ka fiye da girmansa. Misali, ka tura wa aboki saƙo, ka ga alamar ya karanta, bai amsa ba, sai ka yini ƙirjinka a cushe har abinci ya fita ranka. Rubuta abin da ya faru cikin layi uku. Daga nan ka saki biro: duk abin da ya faɗo maka a rai ka rubuta shi yadda ya zo, ko da ya zama shirme, ko abin kunya, ko bai da alaƙa da saƙon. Wata fuska daga makarantar firamare, wani bashi, wata kalma da aka taɓa jefa maka, duk su shiga. Kada ka goge, kada ka tsaya neman ma'ana. Horney ta jaddada cewa sakin tunani daban, fahimtarsa daban, kuma wanda ya haɗa su lokaci ɗaya zai toshe na farkon.

Rufe littafin, ka bar shi ya kwana. Washegari ka dawo da jan biro, ka karanta kamar wani ne ya rubuta. Abu uku kake nema. Na farko, abin da ya maimaitu, kamar “raina ni” da ta fito sau huɗu a shafi ɗaya. Na biyu, inda rubutun ya yanke kwatsam ka sauya zance, domin galibi nan ne ciwon yake. Na uku, inda maganarka ta ci karo da juna: a sama ka ce ba ka damu da kowa ba, a ƙasa ga shi kana lissafin mintocin da aka yi ba a amsa maka ba.

Bayan mako huɗu zuwa shida shafuka sun taru, sai ka auna su da ma'aunin da ta shimfiɗa a littafinta Our Inner Conflicts na 1945. A ganinta, yaron da ya taso yana jin shi kaɗai ne, ba shi da ƙarfi, a cikin duniyar da ba ta da tabbas, yakan kare kansa ta ɗayan hanyoyi uku. Wani ya manne wa mutane, ya yi ta biyayya da neman yarda, ba ya iya cewa a'a ko da an tambaye shi rancen kuɗin da ya ware wa haya. Wani ya tunkare su, komai a wurinsa gasa ce, sai ya zama shi ne a sama. Wani ya janye jikinsa, ya gina katanga, ya ce ba ya bukatar kowa. Dukkan ukun akwai su a jikin mai lafiya, yana ɗaukar wadda ta dace da wurin. Matsala na farawa ne idan ɗaya ta zama dole.

Yaya za ka gane ta zama dole? Duba ko kana yin abin ga kowa ba zaɓi, har ga wanda ba ka ƙauna kuma ba ka girmamawa. Sannan ka duba me ke faruwa idan aka hana ka shi. Mai son yabo na al'ada, in ba a yaba masa ba, zai ji ba daɗi ya wuce. Wanda yabo ya zame masa dole kuwa sai fargaba ta kama shi, barci ya ƙaurace. Wannan gwajin shi ya fi komai amfani a cikin aikin nan, kuma da shi ake auna bukatu goma da ta lissafa a 1942, irin su neman ƙauna, neman iko, neman suna da neman kamala marar aibi.

In ka gano hali ɗaya, kada ka yi tsalle zuwa wani. Matakai uku ta tsara masa: ka gane shi, ka bi sawun yadda yake bayyana da abin da yake jawo maka, sannan ka ga yadda yake karo da sauran halayenka. Mataki na biyu shi ne mai cin lokaci, yana iya ɗaukar watanni. Ka ja layi a tsakiyar shafi. A dama ka rubuta abin da halin ke ba ka, a hagu abin da yake ci maka. Mai yawan biyayya zai ga yana samun zaman lafiya da kowa, amma yana biya da ɓoyayyen fushi da yake saukewa a kan na ƙasa da shi a gida. Sai mutum ya ga farashin da idonsa kafin ya yarda ya saki.

Wani shafi kuma ka ware shi ga kalmar “ya kamata”. A littafinta na ƙarshe, na 1950, shekara biyu kafin rasuwarta a Niyok, ta kira wannan mulkin kama-karya da mutum ke yi wa kansa: ya kamata in jure komai, ya kamata kada in taɓa kuskure, ya kamata kowa ya so ni. Rubuta naka duka, ka tambayi kowanne ko akwai ɗan Adam da zai iya cika shi.

Inda aikin ke lalacewa sananne ne. Da zarar ka matso kusa da abu mai zafi, sai ka ga ka manta littafin mako biyu, ko barci ya kama ka da ka ɗauki biro, ko ka ji ai duk wannan ɓata lokaci ne. Wannan turjiya ce ta zuciya, tana kare abin da ta saba da shi. Kada ka yi kokawa da ita. Koma shafin ƙarshe da ka rubuta kafin ka tsaya, ka mai da turjiyar kanta abin rubutu. Akwai kuma wanda ke mayar da littafin kotu, kullum yana yanke wa kansa hukunci. Wannan “ya kamata” ce ta sake shigowa ta taga. Wani ya haddace kalmomin, ya iya bayani tiryan-tiryan, amma bai ji komai a ransa ba, kuma fahimtar da ba ta taɓa zuciya ba ba ta sauya hali. Wani ya tare a ƙuruciya yana ɗora wa iyaye laifi, alhali Horney ta fi ba da ƙarfi ga yadda halin ke aiki a yau. Sai mai ɗaukar ma'aunin ya je yana auna matarsa da abokan aikinsa, ya bar kansa.

Ita kanta ta yi wa hanyar iyaka, ba ta ce ta maye gurbin likita ba. Idan baƙin ciki ya kai mako biyu ya hana ka ci, barci ko aiki, ko kana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko tunanin kashe kai ya fara zuwa maka, ko rubutun na tayar da wani tsohon tashin hankali da ya fi ƙarfinka, ka ajiye biro ka nemi likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba. In ka ga dama ka tafi da littafin, ka nuna masa shafukan da ka yi wa jan layi.