Yadda zaka shirya tattakin Arba'in daga Najaf zuwa Karbala

Tafiyar kusan kilomita 80 ce, kwana biyu zuwa uku ake yi, to ka lissafa yadda zaka isa kafin 20 ga Safar, ranar Arba'in, wato cikar kwana arba'in da shahadar Imam Husaini a Karbala. Don Allah kar ka sa sabon takalmi, wanda ƙafarka ta saba dashi yafi, jaka ma ƙarama ta isa. Wurin kwana kuwa ba sai ka nemi otal ba, maukibobi, wato rumfuna da masaukan da ake tanada wa masu tattaki, na nan jere bakin hanya kyauta ne, ga abinci ga shayi ga bargo, maza daban mata daban, amma fa ka tsaya kafin magariba don cika suke da wuri. Turakun hanya duk akwai lamba, kai da abokan tafiyarka ku ajiye lambar haɗuwa in kun rabu, netwok yakan ɗauke saboda cunkoso.