Kafin ku je tantancewar tallafin karatu na jiha

'Yan uwa ɗalibai, ku tanadi takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, da takardar samun gurbin karatu ta JAMB, da rasit ɗin rajistar bana, da katin makaranta, da NIN. Ku riƙo na asali tare da kwafi.

Inda aka fi samun cikas shi ne suna. Idan NIN ta ce Muhammad Sani Garba, asusun banki kuma Sani Garba Muhd, sai a jingine biyanku. Ku gyara tun yanzu, gyaran NIN yana ɗaukar lokaci. Asusun kuma ya zama naku, mai motsi, kada ku ba da na yaya ko baba.