Yadda nake ƙarfafa tantanin PVA da nanoselulos ɗin auduga

Tantanin PVA, wato wani nau'in roba mai narkewa a ruwa, shi kaɗai yana da kyaun gani, amma da ka ja shi sai ya miƙe kamar danƙo. Abin da ke ba shi ƙwari shi ne nanoselulos, wasu 'yan sanduna da ke cikin zaren auduga, masu tsawon nanomita 100 zuwa 300.

Da audugar asibiti nake farawa, domin an riga an wanke ta. Tukar rake ma tana yi, sai dai dole ka dafa ta da NaOH, wato sodar kostik, ka farar da ita, kafin lignin, sinadarin da ke manne zaren tsiro, ya fita.

Ka haɗa asid ɗin salfurik mai ƙarfin kashi 64 cikin 100. Asid ake tsiyayawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. Sa tabarau da safar hannu. Ga kowane giram na yankakkiyar auduga ina ba da mililita 20, in riƙe zafi a digiri 45, ina juyawa minti 45. Nan ne ake asara. Ranar da na fita na bar shi, zafin ya haura, na dawo na tarar ya koma baƙi ƙirin, aikin mako guda ya tafi. Launin madara kake nema. Da lokaci ya cika, ka juye shi cikin ruwan sanyi ninki 10 don asid ya daina ci.

Sai wanki: santirifuj, na'urar da ke juyawa da sauri ta raba laka da ruwa, sau da yawa, sannan jakar dayalisis, wadda asid ke fita ta cikinta amma sandunan ba sa fita, cikin tataccen ruwa na 'yan kwanaki, har pH, ma'aunin tsami, ya kusa 7. Mai gaggawa a nan zai samu tantanin da ke ƙonewa da ɗan zafi.

Narkar da PVA giram 5 a ruwa mililita 100 a digiri 90. Ka warwatsa nanoselulos da sonikato, na'urar da ke girgiza ruwa da sauti, tukuna, sannan ka ɗiga shi cikin ruwan PVA. Ni ba na wuce kashi 5 cikin 100 na nauyin PVA. In ya yi yawa sandunan kan dunƙule, kuma daga dunƙulen tsagewa ke farawa. Bari kumfa ta kwanta, ka zuba a farantin gilashi mai daidaiton ƙasa, ka rufe saboda ƙura, musamman da hunturu, ya bushe da kansa.

In tace ruwa za ka yi da shi, ka tuna PVA na narkewa a ruwa. Ka ƙara asid ɗin sitirik cikin haɗin, bayan ya bushe ka gasa shi a tanda don sarƙoƙin PVA su ɗaure da juna, sannan ka jiƙa guntu ɗaya ya kwana a ruwa ka gani ko ya tsaya.